Hoton Inna Mai Cuku

Gemuna ya yi fari yanzu, kuma abubuwa da yawa sun fara shige mini, har sunayen wasu ɗalibaina sai an tuna mini. Amma akwai wata ranar kasuwar Mai'adua da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Duk lokacin da ta faɗo mini sai in ji ƙirjina ya ɗauki zafi kamar jiya abin ya faru.

Ni malamin firamare ne a Daura, kuma duk wanda ya san ni ya san ni da cuku. Wasu cukwi suke cewa, mu a gidanmu cuku muka tashi muna ji. Nama bai dame ni ba, kayan zaƙi ma haka, amma in babu cuku a ɗakina sai in ji kamar na yi ɓatan wani abu. Na saniya ya fi maiƙo da laushi, shi nake so a daka mini cikin fura da ɗan dabino, ya kwanta a ƙasan kwano in riƙa kamo shi da ludayi. Na akuya ya fi ƙarfin ƙamshi, shi kuma sai busasshe, a ɓalla a tsoma cikin shayi mai zafi, a jira kaɗan ya saki jiki. In kuma sanyi ya sauko, sai in ɗora fallen a gefen garwashi, in juya shi sau biyu, ya ɗan kumbura ya fito da mai a bayansa. Matata kan ce ba ta taɓa ganin babban mutum yana gadin abinci a bakin murhu kamar ni ba.

Ana samun cuku a Daura wurin masu dabino, ana kuma shigo da shi daga Nijar a buhu. Na ci na wurare da dama. Amma wanda na tsaya a kansa fiye da shekara goma na wata dattijuwar Bafulatana ne da ke zama a gindin darbejiya, can bayan layin masu man shanu a kasuwar Mai'adua. Inna nake ce mata, ita kuma Malam. Rugarsu tana gaba da garin, dab da iyaka. Ta taɓa gaya mini cewa mahaifiyarta ce ta koya mata, ita kuma ta koya lokacin da suka zauna da Buzaye can arewa. Da nonon safe take yi, mai ɗumi daga tatsa. Fallen nata siriri ne, ga zanen asabarin da ta shanya shi a kai ya fito raɗau. In ka ɗaga shi sama rana za ta ɗan ratsa shi. In ka ɓalla za ka ji ƙas, sannan ƙamshin nono ya daki hancinka. Ba ta kiran mai saye, ba ta yabon kayanta. Farin ƙyalle take yayewa kawai, ta bar ka da idonka.

Ina da ɗa, ɗan yayana marigayi. Tun rasuwar mahaifinsa ni nake tsaye a kansa, ni na riƙa zuwa makarantarsu in an nemi uba. Ya gama jami'a, ya yi hidimar ƙasa, aiki bai samu ba, sai ya shiga sayar da kaya ta waya: turare, takalma, dabino, duk abin da ya samu. Yaro ne mai baki da kai, ban taɓa ƙin sana'arsa ba. Wata rana da la'asar ya tarar da ni ina shan shayi, na ɓallo masa cuku. Ya tauna, ya sake miƙo hannu.

"Baffa, a ina kake samun wannan? Wallahi mutanen Kano da Abuja nemansa suke yi ido rufe."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina ga hanya ta buɗe wa mutum biyu a lokaci guda, shi ya samu abin yi, Inna ta samu mai saye. Da ranar kasuwa ta zagayo na goya shi a babur muka tafi.

Ya durƙusa ya gaishe ta da ladabi, har ta yi ta sa masa albarka. Ya sayi rabin abin da ta zo da shi. Sai ya zaro waya ya saita ta. Nan take ta ja gefen mayafinta ta kare fuska.

"A'a, ɗan nan. Ni ba a ɗaukata."

Ni ne na yi dariya. Ni ne na ce, "Haba Inna, bar shi mana, ɗana ne. Na ajiyewa ne kawai, ba inda za shi."

Ta dube ni, ta sauke mayafin a hankali, ta yi ɗan murmushin nan na wanda ba ya so amma yana jin nauyin mai roƙo. Ya ɗauka. Wannan maganar tawa ita ce har gobe nake jin ɗacinta a bakina.

Makonnin farko lafiya lau. Yana zuwa da kansa, yana saye, yana aikawa a mota. Sai rani ya shigo, ciyawa ta bushe, nono ya ja baya. Wata ranar ina wurin ya matsa mata a kan ta ninka abin da take kawowa, wai masu saye sun yi masa yawa a waya. Ta ce masa, "Ɗana, shanun nan ba su san waya ba. Abin da suka ba ni shi nake kawowa." Daga nan ya ɗauke ƙafa. Na tambaye shi, ya ce ya samu wata hanyar. Ban bi ba'asi ba. Na ɗauka na buhu yake saye.

Bayan wata biyar ko shida, na iso kasuwa da hantsi, na kafe babur, na nufi gindin darbejiya. Tun daga nesa na hangi mutane sun yi da'ira. Na kutsa. Wani ƙaton mutum ne a tsaye a kanta, daga baya na ji direba ne da ke lodi zuwa Katsina, yana riƙe da wata leda mai ƙyalli yana kaɗa ta a gaban fuskarta.

"Ke ce wannan ko ba ke ba ce? Ki faɗa a gaban mutane! Tsohuwa da ke, ƙafa ɗaya a kabari, kina cutar bayin Allah!"

Ya ce mahaifiyarsa ce ta tashi daga ciwo, ba abin da take sha'awa sai fura da cuku irin na ƙuruciyarta. Matarsa ta gani a waya, ta ga fuskar dattijuwa mai kamala, ta yarda ta saya. Da aka daka aka zuba cikin fura sai ya narke ya yi yauƙi kamar koko. Aka ɗora wani a wuta, ya ƙone yana warin rogo. Tsohuwar ta kurɓa sau ɗaya ta ture kwanon, ranar ba ta ƙara cin komai ba. Ya ce tun da ya ga fuskar nan ya san ya taɓa ganinta a kasuwar nan, mako uku yana zagaye yana nema.

Ya jefa ledar a kan faifanta. Na sunkuya na duba. Ga Inna nan, da murmushin nan nata na jin nauyi, ga darbejiyar a bayanta. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa cukun Inna ne na asali, daga ruga kai tsaye. Ga lambar waya, wadda na haddace tun ranar da na saya wa ɗan yayana layin.

Inna ba ta karatun boko, ba ta da waya. Ta ɗauki ledar, ta miƙa hannu nesa saboda idonta, ta daɗe tana kallo. Mai man shanun da ke kusa da ita ta leƙo ta ce, "Wallahi ke ce." Ba ta yi kuka ba, ba ta yi rantsuwa ba. Ta ɗago kai tana duba fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya har ta zo kaina.

"Malam, ba kai ka ce ba inda za shi ba?"

Na sha tsayawa gaban manya, na sha faɗan masu duba makarantu, amma ban taɓa jin ƙasa ta yi mini nisa kamar ranar ba. Sai kunyar ta juye ta zama fushi. Na fizgi ledar na yage ta. Abin da ke ciki fari ne fat, mai kauri, an danna masa zanen asabari don ya yi kama. Na ɓalla, bai yi ƙara ba, sai ya marmashe. Na sa a baki na tofar. Madarar gari ce da sitacin rogo, ko jariri ya san wannan bai taɓa kusantar saniya ba.

Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, ku saurare ni! Baiwar Allahn nan ba ta san da wannan ba. Ɗana ne ya yi, ɗan yayana. Ni na kawo shi nan da ƙafata, ni na sa ta tsaya aka ɗauke ta. In akwai wanda za a zaga, ga ni."

Na ɗauki falle ɗaya daga cikin nata na ɓalla na miƙa wa direban. Ya karɓa yana huci, ya tauna. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya cire hula ya durƙusa, ƙato da shi, yana cewa, "Inna, ki yafe mini, zafin uwa ne." Ban ga laifinsa sosai ba, shi ma cutarsa aka yi. Waɗanda suka ƙara ƙona mini rai su ne samarin da na ga sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar abin da ke faruwa suna dariya. Na daka musu tsawar da sai da masu awo suka waiwayo. Wato matar da hoto ɗaya ya jefa cikin wannan hali, ita za a ƙara ɗauka.

Ita kuwa ta mayar da farin ƙyallenta ta rufe kaya, ko falle biyar ba ta sayar ba. Ta ɗora ƙwarya a ka. Na ce ta bari in kai ta a babur. Ta ce, "Na gode, Malam, ƙafata ta san hanya." Ta ratsa mutane ta wuce.

Ban san yadda na tuƙo babur na dawo Daura ba. Gidan yayana na zarce. Na yi sallama sau ɗaya na shiga. A tsakar gida na same shi, ga tabarma shimfiɗe, ga ledoji tuli guda, kowace da fuskar Inna, yana cusa fallayen yana liƙewa. Mahaifiyarsa tana gefe tana tsintar shinkafa.

Na jefa masa yagaggiyar ledar. "Mene ne wannan?"

Ya duba, ko gezau. "Kaya ne, Baffa."

"Wa ya yi shi?"

"Akwai wata mata a bayan tasha da take yi mini. Ai da madara ake yi."

"Fuskar wa ke kai?"

Sai ya yi ɗan murmushi, irin na wanda zai wayar wa tsoho kai. "Baffa, wannan shi ake kira talla. Kowa haka yake yi. Mutane ba kaya suke saye ba, labari suke saye. In ma gaskiya za a bi, ai tallata ta na yi kyauta, yanzu har Abuja an san ta."

Wallahi da ba don na riƙe hannuna da ɗaya hannun ba, da na yi abin da ban taɓa yi masa ba tun yana ƙarami. Na ce, "An san ta da me? An san ta da ha'inci! Matar da ta shekara hamsin tana tashi da asuba, ba ta taɓa ƙara ko ɗigon ruwa a nono ba, yau an tsaya a kanta a tsakiyar kasuwa an kira ta macuciya. Kai ka ci riba, ita ta sha zagi. Wannan ne karatun da na yi ta zarya a kansa?"

Mahaifiyarsa ta ajiye faranti. "Haba Malam, a kan wata mai tallan nono za ka zo ka tayar mana da hankali? Yaron nan nema yake yi, bai yi sata ba. Ka fi so ya zauna a bakin titi?"

Wannan ta fi yi mini ciwo. Wata mai tallan nono. Kamar mutunci sai mai gidan siminti. Na ce, "Yaya, sata ya yi. Da akuyarta ya sata da sauƙi, don ana mayar da akuya."

A lokacin ana shirin zuwa nema masa aure, ni ne kuma zan shige gaba a matsayin uba. Na ce masa ya saurara da kyau. Ba zan zauna a zauren mutane in ce ga ɗanmu mun yarda da halinsa ba, alhali na san abin da ke cikin ledojin nan. Ko ya cire hoton nan daga ko'ina, ya faɗa wa masu sayensa gaskiya da bakinsa, ya bi ni ruga, ko kuma ya nemi wani Baffan. Na juya na fita.

Kwana tara bai zo ba. Aka turo mini dattawa biyu su ba ni baki, na ba su cukun nasa su ɗanɗana, suka tashi suka tafi. A cikin kwanakin na koma kasuwa, gindin darbejiya wayam. Mai man shanu ta amsa gaisuwata da ƙyar. A rana ta goma ya zo da safe, ido ya faɗa, ya ce ya shirya. Na ce ya ɗauko leda ɗaya ya sa a aljihu.

Muka wuce Mai'adua, muka sauka daga kwalta, muka bi turba cikin yashi muna tambaya har muka isa. Babban ɗanta ne ya tare mu, dogon mutum da sanda a kafaɗa. Da ya gane ko mu su wane ne, sai ya ƙi miƙa mana hannu. Ya ce wani danginsu da ke aikin gadi a Kano ne ya fara ganin hoton ya aiko, tun kafin abin kasuwa, amma suka ɓoye mata. Labari ya zaga rugage cewa uwarsu ta sayar da fuskarta ana yawo da ita a wayoyin maza. Ya ce shi kansa ya daina zuwa wurin shayar da shanu da rana saboda kallon da ake masa. Yana magana a hankali, idonsa a kan yaron.

Muryarta muka ji daga bayan bukka. "Bar su su shigo. Baƙi ne."

Tana zaune a kan ɗan kujera, gabanta ƙwarya da asabari, tana shafa cuku da tafin hannu. Ta rame. Ta sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa. Ɗan nawa ya durƙusa ya fara jero bayani, yana cewa bai san abin zai kai haka ba, matsin rayuwa ne, masu saye ne suka yi yawa. Ta bar shi har ya gaji.

"Ka zo da shi?"

Ya zaro ledar.

"Buɗe. Ci."

Ya dube ni, na kau da kai. Ya ɓalla ya sa a baki.

"Duka," in ji ta. "Ai ka ce nawa ne. Ba a barin nawa."

Muna zaune ya cinye fallen nan, yana haɗiya da ƙyar, yana kurɓar ruwa, hawaye na zubo masa. Ba wanda ya yi dariya. Da ya gama ta ce, "Tsohuwar da aka kai wa wannan tana jinya, ita ce ta tsaya mini a rai. Ni zagi ne kawai na sha. Ita kuwa ta sa rai." Ta sa aka naɗe falle shida a ƙyalle, ta ce ya nemo direban nan duk inda yake, ya kai wa mahaifiyarsa da hannunsa. Sannan ta ce ta yafe masa don Allah.

Na ce, "Inna, ni fa?"

"Kai ma, Malam. Amma ka daina cewa ba komai a kan abin da ba naka ba."

Na tambaye ta yaushe za ta dawo kasuwa. Ta girgiza kai. Ta ce 'ya'yanta sun hana, ita ma ba za ta iya zama inda kowa zai wuce yana nuna ta ba. Na yi roƙo, na yi alkawarin zan tsaya a kasuwa in yi shela. Ta ce, "Za ka bi kowace waya ka goge?"

Ba ta dawo ba. Yaron ya kai saƙon, ya goge abin da zai iya gogewa, ya ƙona ledojin a gabana. Na je na nema masa auren, yau yana da 'ya'ya uku da shagon kansa, kuma ban ƙara jin an kama shi da algus ba. Amma da damina ta faɗi a shekarar, su Inna suka ɗaga suka yi arewa da shanunsu, ban sake ganinta ba. Bayan shekara biyu wani abokin aikina ya nuna mini hoton nan a wayarsa, wani can daban da ba mu san shi ba yana tallan man shanu da shi. Ranar ban iya shiga aji ba.

Mutane sukan ce mini abin ya wuce, tunda ita ma ta yafe. Na sani. Amma har yanzu ina jin haushin yadda aka mayar da gaskiyar mutum abin liƙawa a leda, da yadda wasu ke ganin wannan wayo ne. Na kuma fi jin haushin kaina. Abin da na koya shi ne, in mutum ya amince maka, amanar ba ta tsaya a kanka kai kaɗai ba, har da duk wanda ka riƙo wa hannu ka kawo masa. Kuma in mutum ya ce a'a a kan abin da yake nasa, ko ɗanka na cikinka ne ke nema, kada ka zama bakin da zai lallashe shi. Ka tsaya a bayan a'arsa.